Ɗanyen Hoton Goggo da Baba

Kyamarar ta shigo hannuna ne ta wajen yayana, wanda ya daɗe yana tuƙa wani ma'aikacin ofishin jakadanci a Maitama. Da ogan nasa ya tashi barin ƙasar, sai ya rarraba wa ma'aikatan gidan kayan da ba zai iya tafiya da su ba. Maigadi ya sami fanka, mai kula da furanni ya sami keke, shi kuwa yayana aka miƙa masa wata baƙar jaka da kyamara a ciki. Ya kawo ta ɗakina a Gudu, ya dire mini a kan katifa, yana cewa shi da fankar aka ba shi da ya fi jin daɗi.

"Ungo," ya ce. "Ke da kullum kike cikin mafarki, sai ki riƙa ɗaukarsa a hoto, mu ma mu gani."

Bai yi ƙarya ba. A lokacin ina tsaron shagon atamfa na wata hajiya a kasuwar Gudu, kuma ba a raba ƙarƙashin kantata da littafin soyayya. Tun ina 'yar makaranta nake karanta su, wani babu bango, wani an yage shafin ƙarshe sai dai in ƙarasa labarin da kaina. A cikinsu na koyi cewa so da yamma yake zuwa, a cikin lambu, da ƙamshin turare, kuma idan ya zo sararin sama ja yake yi. Har yau ban gama daina yarda da hakan ba. In na bi yayana Maitama na ga furannin da suka zubo ta saman katanga, sai in ji a raina cewa a bayan kowace katanga akwai wata a tsaye a taga tana jiran ƙarar motar wani.

Goggo da Baba kuwa ban taɓa sa su a irin wannan tunani ba. Goggo yayar mahaifinmu ce, a hannunta na tashi, Baba kuma mijinta. A Orozo suke, suna da 'yar gonar masara da awaki, Goggo tana yin daddawa. Tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, Malam take ce masa. Shi kuma in zai kira ta sai ya yi gyaran murya ya ce, "Ke." Hirarsu ba ta wuce taki, da yoyon kwanon ɗaki, da akuyar da ta sake shiga gonar maƙwabci. Ina son su ƙwarai, amma ina ɗan tausaya musu a ɓoye, don a ganina sun tsufa ba su ɗanɗani abin da nake karantawa ba.

Bayan an kai autarsu ɗakin miji, gidan ya yi tsit. Na je na kwana biyu ina taya Goggo mayar da tukwanen aro. Muna cikin falo tana goge bango, sai ta tsaya tana kallon hotunan da ke rataye: wannan da rigar gama makaranta, wannan ranar aurenta, jikoki da kayan sallah.

"Kin ga duk bangon nan," ta ce, ba tare da ta juyo ba, "babu inda ni da Malam muke."

Ta faɗe shi kamar tana maganar gishiri ya ƙare. Amma na san Goggo, ba ta roƙon abu kai tsaye. Na ce ai ga kyamara a jakata.

Baba ne ya zama aiki. Ya ce hoto na yara ne da masu neman ƙuri'a, shi wanda ke jikin katin shaidarsa ya ishe shi. Goggo ba ta yi masa musu ba, sai dai ta goge masa babbar rigarsa ta ajiye a inda zai gani. Washegari ma ta bar ta a wurin. Da la'asar ya fito sanye da ita, fuska a murtuke.

"Ke mai hoto, sau ɗaya za ki danna. Ki danna in tashi. Kuma daga yau kada wanda ya sake kawo mini zancen nan."

Ni kuwa na riga na gama tsara hoton a kaina tun daren jiya. Na ja benci zuwa bayan gida, inda ake hango duwatsu ta saman karan masara, na yi ta 'yan dabaru ina ɓata lokaci har rana ta sauko ta yi ja. Sannan na zaunar da su, suka ba wa rana baya, yadda masoya suke yi a bangon littafi. Suka zauna da tazarar da buhun masara zai shiga tsakaninsu. Na ce su ɗan matso, Baba ya yi mini wani kallo, na haɗiye sauran maganar. Akuya ta zo ta tsaya a gefen Goggo. Na danna. Kafin in sauke kyamarar daga idona Baba ya miƙe ya nufi buta.

Na duba ɗan gilashin bayan kyamarar. Sararin sama ya fito yadda na yi mafarkinsa, ja da ruwan zuma. A ƙarƙashinsa kuwa wasu baƙaƙen abubuwa ne guda biyu kamar kututture, da ƙaramin kututture mai ƙaho a gefe. Babu ido, babu hanci.

"Mun fito?" in ji Goggo, tana gyara mayafi.

"Kun fito, Goggo. Sai an wanko."

Na koma Gudu. Na sa aka tura hoton daga katin kyamarar zuwa wayata don in ƙara masa haske, wayar ta ƙi ma buɗe shi. Mai gyaran waya ya gwada, ya ce fayil ɗin ya lalace. Shi ne ya nuna mini shagon hoto da ke bayan layin teloli, ya ce in gwada Madam, mai shagon.

Madam 'yar Filato ce, mai jiki, da tabarau rataye a wuya, kullum tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Hausarta irin ta garin nan ce, mace da namiji duk ɗaya. Ta zura katin a kwamfuta, ta sa tabarau, ta yi dariya.

"Sista, hotonka bai lalace ba. Ɗanye ne."

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Waya in ta ɗauki hoto, ita take dafa shi da kanta, ta sa gishirin da ta ga dama, ta zubar da sauran kayan. Irin wannan kyamara kuwa, ogan ya saita ta ne ta ajiye duk abin da ta gani, ba dahuwa ba ragi, sai mutum ya zo ya sarrafa da hannunsa. Don haka mai yiwuwa fuskokin suna nan a cikin duhun.

"To ki fito mini da su, Madam, don Allah."

Ta sosa kai. Ashe ita ma ba ta daɗe da sauya manhaja ba. Tsohuwar da ta saba da ita ta daina buɗe hotunan sababbin kyamarori, aka sa mata wata sabuwa, kuma har yanzu hoton fasfo kawai take iya yi da ita, shi ma da addu'a.

"Komai sun canja masa wuri," ta ce. "Kamar ka yi tafiya ka dawo ka ga wani ya gyara maka kicin. In kina da lokaci, zo mu koya tare. Kai kana da ido, ni ina da kujera."

Haka muka fara. Kullum in na rufe shagon atamfa sai in biya wajenta kafin magariba. Mu jingina wayarta da kwalbar ruwa, mu kunna bidiyon wani mutum mai magana ta hanci da sauri kamar ana bin sa, mu tsayar, mu mayar baya, mu gwada. A gefen dama na manhajar akwai 'yan layuka jere, kowanne da ɗigo a tsakiya da ake ja hagu ko dama. Wannan na haske, wannan na inuwa, wannan yana sa launi ya yi ɗumi ko ya yi sanyi. Ban yarda mun taɓa hoton Goggo ba. Shi kaɗai ne, Baba kuwa ba zai sake zama ba. Sai muka riƙa koyo a kan hotunan da nake ɗauka a kasuwa.

Mun yi ɓarna mai yawa. Mai tumatir na bakin ƙofa mun mayar da shi kore shar, tumatirinsa kuma ya koma kalar gauta. Hoton ƙungiyar mawaƙan cocin Madam ya zama shuɗi, ta riƙe ciki tana dariya tana cewa sun yi kama da waɗanda aka ciro daga firji. Wata rana aka ɗauke wuta muna tsakiyar aiki, na dafe kai na ce shi ke nan. Da janareta ya tashi muka buɗe, sai ga hoton na asali yana nan yadda yake. A ranar muka gane abin da mai magana ta hanci yake ta nanatawa: manhajar ba ta taɓa ɗanyen hoton. Tana rubuta abin da ka yi ne a gefe, in ka ga dama ka janye duka ka koma farko.

Wannan ya yi mini daɗi fiye da yadda zan iya faɗa. A littattafaina kalma ɗaya ake furtawa cikin fushi, a yi shekaru ana kuka. Ga wani wuri da mutum zai yi kuskure iya son ransa, ya danna, komai ya dawo. Na riƙa tafiya gida da yamma ina kallon duniya da wani ido. In ga mai lemo a ƙarƙashin rumfa in ce a raina, a ɗaga masa inuwa kaɗan. In ga hadari ya taso ta bayan gidaje in ce, wannan kada a taɓa shi.

Goggo takan kira ta wayar maƙwabciya. Ba ta tambaya kai tsaye. Sai mun gama gaisuwa ta ce, "Na sa an kafa ƙusa a falo." In ce mata an kusa.

Ranar da na ji hannuna ya faɗa, na ce wa Madam ta buɗe hoton su Goggo. Na yi bisimilla, ita ma ta yi tata addu'ar. Na kama ɗigon inuwa na fara jan sa dama a hankali. Da farko babu abin da ya motsa. Sai duhun ya fara sakin jiki, kamar gari yana wayewa a cikin gilashi. Aikin wuyan rigar Baba ya fito. Hularsa. Farin gemunsa. Sai idanun Goggo, suna kallona kai tsaye. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"Zauna, sista, za ka ture mini kwamfuta!"

Hoton ya fito da tsaki-tsaki, kamar an watsa masa yashi, don duhun da aka tilasta wa haske haka yake yi. Muka nemo wurin rage shi. Sannan na ƙara jan inuwar don in ga ƙafafunsu da bencin. A nan Madam ta daina rera waƙarta.

"Tsaya. Matso da nan wurin."

Na matso da tazarar nan da ke tsakaninsu, inda buhun masara zai shiga. Hannun babbar rigar Baba ya zubo a kan bencin. Daga ƙarƙashinsa hannunsa ya fito, ya ratsa tazarar, yatsunsa biyu suna kan bayan hannun Goggo. Ba riƙewa ya yi ba, ɗorawa ya yi kawai. Na koma kan fuskarsa: a murtuke take, yana kallon wani wuri can. Na koma kan ta Goggo, sai yanzu na lura gefen bakinta ya ɗan lanƙwasa, irin na mai danne dariya.

Na zuba wa yatsun ido. Ina tsaye a gabansu ranar, ido a kyamara, ina ta lissafin jan sararin sama, ban gani ba.

"Eyya, Baba!" in ji Madam. "Tsohon nan ɗan duniya ne. Fito da shi sosai, kowa ya gani. Babana har ya mutu riƙe da hannun mamana yake shiga coci."

Na ce mata a wajenmu ba haka ba ne. Falon nan surukai suke zama, da abokan Baba na masallaci. In suka ga haka, Baba zai sauke hoton da hannunsa, wataƙila ma ya daina zama a falon. Goggo kuma ta rasa abin da ta roƙa. In kuma na mayar da wurin duhu, na binne abin da ya fi komai kyau a hoton. Madam ta ce to ni na sani.

Da na rasa yadda zan yi da hannun, sai na huce a kan sauran hoton. Na ƙara wa sama ja har ta yi kamar wuta. Madam ta nuna mini burushin da take goge fuskar amare da shi, wanda in ba ta yi ba sai su ce ba ta iya aiki ba. Na bi fuskar Goggo da shi, na share tamoji, na haska fata. Na goge akuyar gaba ɗaya. Da na gama, hoton ya dace da bangon kowane littafi a ƙarƙashin kantata, kuma gaskiya ya burge ni.

Ana nan sai Goggo ta shigo Gudu kawo wa masu sayen daddawarta kaya. Na ja ta zuwa shagon. Madam ta rusuna ta gaishe ta, ta ba ta kujerar gaban kwamfuta, ta kawo mata ruwan sanyi. Na buɗe hoton, na rufe wurin hannun da duhu tukuna, na koma gefe ina jiran yabo.

Goggo ta matsa kusa, ta ja baya.

"Malam dai na gane shi. Wace ce wannan ya samu?"

"Ke ce mana, Goggo."

"Ni? Yaushe na yi fari haka, ko ciwo na yi ban sani ba?" Ta shafa kumatunta. "Ina tsagena?"

Sai a lokacin na ga burushin ya tafi da 'yan tsagen gadon da ke gefen fuskarta.

"Mama, gyara ne," in ji Madam. "Haka amare suke so."

"'Yar nan, amarcina ya girme ki. Ku mayar mini da kayana. Da tsagen nan ya gan ni ya ce yana so, ba zan rataya masa wata baƙuwa a falo ba. Ita kuma akuyar me ta yi muku? Ko an yanka ta ne ba a ba ni nama ba?"

Muka yi ta dariya har mai ɗinki na maƙwabta ya leƙo. Na danna, na janye duk kwalliyar da na ƙara. Tsagen ya dawo, tamojin ya dawo, akuya ta dawo tana kallon gefe. Sama ta koma jan da Allah ya yi mata ranar. Goggo ta gyaɗa kai.

"Yauwa. Ga mu nan."

Na ce, "Goggo, akwai saura." Na ja ɗigon inuwa, wurin bencin ya buɗe.

Ta gani. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta kawar da kai wajen ƙofa, ta sake juyowa.

"La'ilaha illallahu. Wannan injin naku ba shi da kunya."

"Mama, ashe haka kuke yi a Orozo?" in ji Madam.

"Bencin ne yake rawa, ya dafa don kada ya faɗi."

"A kan hannunka ya dafa?"

Goggo ta kai mata dukan wasa da gefen mayafi. Amma idonta bai bar wurin ba. Na tambaye ta yadda take so: a bar shi a fili, ko a mayar da shi duhu. Sai ta ce in nuna mata abin da nake ja. Na ɗora hannunta mai ƙamshin daddawa a kan linzamin kwamfutar, na ɗora nawa a sama, na zaɓi wurin bencin kaɗai don kada fuskokin su canja. Ta ja hagu da ƙarfi, hannun ya ɓace.

"A'a," ta ce da sauri.

Ta ja dama, ya fito fili har ana ganin farce.

"Wannan kuma tallan kai ne."

Ta riƙa dawowa da shi kaɗan-kaɗan, harshe a tsakanin haƙora, kamar mai auna kanwa a miya. Na zare hannuna, ba ta ma lura ba. Ta tsaya a wani wuri da in mutum ya kalla daga nesa zai ga ninkin riga ne kawai a cikin inuwa, sai wanda ya san abin da yake nema zai ga yatsu biyu.

"Nan," ta ce. "Kada ki ƙara, kada ki rage."

Haka Madam ta wanko shi, muka sa a firem mai ruwan ƙasa. Ni na kai shi Orozo ranar wata Juma'a, Goggo ta rataya a ƙusar da ta daɗe tana jira. Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da mu a falo muna ta ƙoƙarin nuna ba jiran sa muke ba. Ya ajiye darduma. Ya tsaya daga nesa, hannu a baya. Ya matso. Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa gilashin, kuma na ga inda idonsa ya tsaya. Ya daɗe a wurin. Goggo tana ta tsince shinkafar da ta riga ta tsince.

Ya miƙe, ya yi gyaran murya.

"Nan ƙasan bai fito sosai ba."

"Haka injin ya ɗauka, Malam," in ji Goggo, kanta a tire.

"To. Ya yi haka." Ya ɗauki dardumarsa, ya kai bakin ƙofa, ya waiwayo. "Akuyar dai ta yi kyau."

Yanzu ni nake yi wa Madam gyaran hotunan biki in aiki ya yi mata yawa, kuma har yau ina son jan sararin sama, sai dai na koyi juya mutane su fuskanci haske. Littattafaina suna nan a ƙarƙashin kanta. Hoton ma yana nan a falon Orozo, surukai da mutanen masallaci suna zama a ƙarƙashinsa suna shan fura. Goggo ta gaya mini Baba ya sauya wurin shimfiɗa buzunsa, ya koma jikin bangon da ke kallon hoton. Ya ce wai nan ya fi iska.